Tambarin Gaggawa

Ranar hutunta ce, shi ya sa ta shigo asibitin da take aiki da zanen gida da silifas, mayafin ma na Umma ne ta fizgo a bakin ƙofa. Mai gadin da ya saba tarbar ta da "Injiniya, an fito?" bai gane ta ba sai da ta wuce shi, tana bin gadon da aka ɗora mahaifinta a kai.

Baba yana cikin karyawa abin ya same shi. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, hannun ya ƙi tashi. Ya buɗe baki zai yi magana, bakin ya karkace gefe guda, abin da ya fito kuma ba magana ba ce. Auta, ƙaninta, wanda ke tuƙa motar haya, shi ya sungume shi zuwa mota, ya yi ta danna oda a hanya har muryar odar ta dushe.

Likitar da ke bakin aiki matashiya ce mai siririn gilashi, ba ta iya kewaye-kewaye ba. Bayan an shiga da Baba ɗakin hoto an fito da shi, ta tara su uku a baranda, Umma da Injiniya da Auta.

"Shanyewar ɓarin jiki ce," in ji ta. "Abu biyu ke kawo ta. Ko jini ya daskare ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, ko jijiya ta fashe jini ya zuba. In toshewa ce, muna da allurar da ke narkar da gudan jinin, amma tana da lokaci, in ya wuce ba a yin ta. In kuwa fashewa ce, allurar nan ita za ta ƙarasa shi."

"To wanne ne a ciki, likita?" in ji Auta.

"Hoton kansa ne zai faɗa. Ni ban ga jini ba, amma ban isa in yanke wannan hukunci ni kaɗai ba. Babban likitan ƙwaƙwalwa da muke aiki da shi yana wani gari, yana zaune gaban kwamfutarsa yana jiran hoton." Ta dubi Injiniya. "Hoton ne ya ƙi tafiya."

Suka bi ta zuwa teburinta. A fuskar kwamfutar akwai wani siririn zane shuɗi da ke nuna yawan abin da aka tura. Bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Injiniya ta tsura masa ido har idonta ya yi ruwa, sannan ta ga ya ɗan motsa kamar tururuwa ta ɗaga ƙafa.

"Kullum kafin in wanke hannu ya isa," in ji likitar. "Yau tun safe komai ke ja da baya, tarho ma sai kakarewa yake yi. A wannan tafiyar, kafin ya isa lokacin allurar ya wuce."

"Ki ɗauka da wayarki ki tura masa mana!" in ji Auta.

"Na yi. Ya ce ba zai ɗora ran mutum a kan hoton hoto ba. Ainihin hoton ɗaruruwan yanka ne, ɗigon jini kaɗan zai iya ɓuya a ɗaya."

"Saura lokaci nawa?" Injiniya ta tambaya.

"Bai kai awa guda ba. Kuma duk abin da ya wuce, wani yanki na ƙwaƙwalwarsa ke tafiya da shi."

Umma ta kama gefen mayafin da ke jikin 'yarta. "Ke 'yar nan, wannan ba shi ne aikin naku ba? Kullum ki ce mana kina gyaran hanya, kina gyaran hanya. To ga ubanki nan a kan hanyar."

Ɗakin na'urori yana ƙarshen baranda, bayan ɗakin ajiyar magani. Sai da Injiniya ta danna lambobin ƙofar ta sake dannawa kafin ta buɗe. Sanyin ɗakin ya buge ta, da gurnanin fankoki. Auta ya biyo ta ba tare da an gayyace shi ba, ya tsaya yana kallon durowar ƙarfe mai tsawon mutum, inda kebul shuɗɗa da rawaya suka yi cincirindo a fuskar wani faffaɗan akwati mai ƙyaftun koren fitilu.

Wannan akwatin shi ma'aikata ke kira suwic. Duk abin da zai fita daga asibitin zuwa waje, murya ce ko hoto ko rubutu, sai ya bi ta cikinsa. Kafofin shigowa suna da yawa, kafar fita guda ɗaya ce, kuma ba ta da faɗi. Kowane saƙo ana yanyanka shi guntu-guntu kafin a turo shi, suwic kuma ya duba tambarin da ke goshin kowane guntu ya jefa shi layinsa. Layukan uku ne. Na farko na gaggawa ne, na muryar tarho da ƙararrawar na'urorin marasa lafiya, kuma dokarsa ita ce muddin akwai ko guntu ɗaya a cikinsa, ba a waiwayar sauran. An yarda da wannan doka mai tsanani ne saboda murya ba ta da nauyi, ta wuce yanzu-yanzu ta bar wa kowa hanya. Na biyu na aikin likitoci ne, nan hoton Baba yake. Na uku na sauran tarkace ne. Layin da aka daɗe ba a waiwaye shi ba, wurin jiransa yakan cika, sai suwic ya riƙa zubar da sababbin zuwa. Na'urar da ta aiko, idan mai ladabi ce irin ta ɗakin hoto, da ta ga an zubar mata sai ta rage gudu ta sake turowa, a sake zubarwa ta ƙara ragewa.

Ta ja kujera gaban tsohuwar kwamfutar ɗakin, ta yi bisimilla, ta nemi suwic ya nuna mata halin layukansa.

Layin gaggawa, wanda ta saba gani kusan wayam, ya cika maƙil, ya cinye kafar fita gaba ɗaya. A gaban layi na biyu kuwa, lambar abin da ake zubarwa tana gudu, ido ba ya iya bin ta. Kowane juyin lambar nan guntun kan mahaifinta ne ake watsarwa.

"Yaya, mene ne? Fuskarki ta canja."

"Wani ya shiga layin da ba nasa ba."

"Wane ne? Ki nuna mini shi kawai."

Ta bi sawun guntayen. Dukkansu daga na'ura ɗaya suke fitowa, a hawa na sama, kuma kowanne da tambarin gaggawa a goshinsa. Na'urar da ke tattara hotunan kamarorin tsaro ce. Ta karɓi wayar Auta, tata ta baro ta a gida, ta kira shugabanta, wanda kowa a sashen ke ce wa Oga. Ƙarar iska da ta manyan motoci ta riga muryarsa isowa. Yana kan babbar hanya, ya tafi sayo kayan aiki.

"Oga, wa ya haɗa kamarori da waje?"

"Injiniya? Ba kina hutu ba? Jiya ne. Mai asibiti zai yi tafiya, ya ce yana son ya riƙa ganin ko'ina a wayarsa. Mai kamara ya zo ya haɗa."

"Da tambarin gaggawa?"

"Kash. Ya ce mini hoton yana tsinkewa, ya ce zai gyara ta wajensa. Ashe gyaran ke nan. Ai haka suke yi, kowa ya kawo kayansa sai ya buga masa tambarin nan. Ni kuma na bar kafar sama tana yarda da duk abin da aka buga, don tarho kawai na sani a can. Ki bari in na dawo..."

"Babana yana ƙasa, Oga. Hoton kansa ke layi na biyu."

Ya yi salati. Ta ji ya rage gudu, ya gangara gefen hanya, iskar ta ɗauke. Ta faɗa masa abin da take nufin yi: a hana suwic yarda da tambarin na'urar kamarori, a mayar da ita layin ƙarshe.

"Daidai ne," in ji shi. "Amma kin san tsohon suwic ɗin nan. In aka taɓa masa dokar layuka sai ya rufe kafofinsa duka ya sake buɗewa. Bara da na taɓa shi bai buɗe ba, sai da na kashe shi gaba ɗaya, kuma kin ga daɗewar da ya yi kafin ya farfaɗo. Shi ya sa ba ma yi a lokacin aiki. Abin da aka riga aka tura ma, mai yiwuwa ya koma farko."

"Na sani."

"Ni ba zan ce ki yi ba, ba zan ce ki bari ba. In kin yi, ki ce ni na sa ki. Allah Ya ba Baba lafiya."

Auta ya ji komai. Ya matso kusa da durowar, hannunsa a miƙe. "Wanne ne na kamarar? Ni in fizge shi, magana ta ƙare."

"Kada ka taɓa!" Ta riƙe masa hannu. "Kebul ɗaya ne ya sauko daga sama. Kamarori na ciki, tarhon ɗakin haihuwa na ciki, ƙararrawar jarirai na ciki."

"To ita na'urar tana ina?"

"Ofishin mai asibiti. Ƙofar ƙarfe ce, makullin yana aljihunsa."

"In ɗauko abin kwance taya?"

"Kafin ka ɓalle ta an yi la'asar."

Ya yi tsaki, ya zagaya ɗakin kamar wanda ke neman abin duka. "Yaya, ni fa ban yi boko mai zurfi ba, amma na san layi. In wani ya shiga gaba da ƙarya, kai ma ka shiga. Ki buga wa na Baba tambarin nan. Shi ai gaggawarsa ta gaskiya ce."

Tun kafin ya faɗa zuciyarta ta riga ta raya mata. Wannan ba ya bukatar taɓa suwic. Ta nan inda take zaune za ta iya shiga na'urar ɗakin hoto ta canja lamba ɗaya, shi ke nan hoton Baba ya koma layin farko. Ba rufewa, ba komawa farko. Ta ɗora yatsu a kan madannai.

Amma ta san abin da zai biyo baya. Layin nan ya riga ya cika, muryar tarho da kyar take samun wurin sa ƙafa. In ta ƙara masa wannan kaya mai nauyi, kamarori ba za su ja da baya ba, ba su san ragewa ba. Hoton zai samu ɗan rabonsa, mai yiwuwa ya isa, mai yiwuwa bai isa ba. Wadda za a murƙushe a tsakani ita ce murya, kuma ba na ɗan lokaci ba, har sai hoton ya gama tafiya. Wata ma'aikaciyar jinya za ta ɗaga tarho tana neman likita, ba a ji ta ba, kuma ba wanda zai san dalili sai ita da Ubangijinta. Ta janye hannunta ta matse shi a cinya.

"Ba zan yi ba, Auta."

"Ubanki ne fa!"

"Na san ubana ne." Hawaye suka zubo, ba ta share ba. "Miƙo mini tarhon can."

Ta rubuta sabuwar dokar layi bayan layi, ta karanta ta, ta sake karantawa da yatsa a kan gilashi, ta bar ta tana jiran danni ɗaya. Sannan ta kira ɗakin haihuwa. Babbar ungozoma ce ta ɗauka, muryarta tana zuwa tana ɗaukewa.

"Mama, Injiniya ce. Zan kashe tarho da ƙararrawa na ɗan lokaci. In Allah Ya so ba zai daɗe ba, amma zai iya daɗewa."

"Muna da mace ɗaya a kan gwiwa, jarirai biyu a kwalba. Ki kashe, 'yata. Zan sa mutum a kan kowanne. Kafin a kawo na'urorinku da ido muke aiki, in abu ya taso kuma muryata har bakin titi ana jin ta."

Ta kira ɗakin tiyata. Wani ma'aikaci ya ɗauka, ya saurare ta, ya ce ta dakata. Ta ji yana magana da wani can nesa, sannan ya dawo.

"Likita ya ce kada ki taɓa yanzu. Akwai yarinya a kan tebur, jini ya yi mata ƙaranci. Muna jiran kira daga ma'ajiyar jini ta gari, su faɗa mana ko suna da irin nata ko mu nema wani wuri. Ta wannan layin za su kira, waya ba ta kamawa a nan ciki. Da sun kira zan sanar da ke."

"Don Allah, mahaifina..."

"Na ji labari, Injiniya. Wallahi da sun kira."

Ta ajiye kan tarhon. Auta ya dubi fuskarta. Ya jingina da bango ya zame har ƙasa.

Ba ta taɓa sanin jira irin wannan ba. Maɓallin yana ƙarƙashin yatsarta, ba mai hana ta dannawa. Lambar zubarwa tana ta gudu a gabanta. Sanyin ɗakin ya ratsa zanen gida ya kama mata ƙashi, amma gumi ke bin bayanta. Ta yi ƙoƙarin tuna fuskar Baba yadda take jiya, sai ta kasa, karkataccen bakin nan kawai ke zuwa mata, da idonsa guda da ke bin ta da kallo a mota kamar yana son ya tambaye ta abin da ya same shi. Ta soma addu'a, kalmomin suka watse mata, ta tsaya a kan "Ya Hayyu Ya Ƙayyum" tana maimaitawa a ƙasan numfashi. Wani sashe na zuciyarta yana cewa yarinyar nan ba ki san ta ba, wani yana cewa ita ma 'yar wani ce da ke tsaye a wata baranda.

Wayar Auta ta yi ƙara, su biyun suka zabura. Likitar ce. Auta ya sa a amsa-kuwa.

"Bai kai rabi ba har yanzu. Injiniya, in za a yi wani abu, yanzu ne."

"Ina jiran ɗakin tiyata."

Likitar ta kashe wayar.

Da tarhon bango ya yi kuka, sai da kan ya suɓuce mata ya yi lilo a igiyarsa kafin ta kamo shi. "Sun kira, jini yana hanya. Ki yi abinki, Allah Ya taimaka."

Ta ce, "Bismillahi, tawakkaltu alallah," ta danna.

Koren fitilun suka mutu gaba ɗaya. Fuskar suwic ta yi baƙi ƙirin, fankoki kawai ke gurnani. Auta ya miƙe tsaye.

"Yaya, haka ake yi?"

"Haka ake yi."

"Zai dawo?"

Ta kama gefen tebur da hannu biyu. Ta san wannan shirun na suwic, ta san iyakar inda ya kamata ya tsaya, kuma ta ji ya kai wurin ya wuce. Ta soma tunanin inda maɓallin kashewa yake a bayan akwatin, da tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya farfaɗo, da abin da za ta faɗa wa Umma. Ta miƙe, ta zagaya bayan durowar.

"Ga ɗaya!" Auta ya yi ihu. "Ruwan lemo ce, ba kore ba. Ga wata! Yaya, zo ki gani, suna tashi!"

Fitilun suka taso daga hagu zuwa dama, ruwan lemo sannan kore. Ta ƙarshe, ta kafar fita, ita ta fi jinkiri, sannan ita ma ta kama ƙyaftawa. Injiniya ta koma kan kujera ta nemi halin layuka. Na farko ya koma wayam, sai 'yan guntayen murya da ke wucewa. Kamarori sun taru a layin ƙarshe, can ake zubar da su yanzu. Na biyu kuwa babu komai a cikinsa, ko guntu ɗaya.

Ta fita da gudu, silifas ɗaya ya tsinke a baranda ta bar shi. A teburin likita, shuɗin zanen ya ɓace, wani jan rubutu ya maye gurbinsa.

"Ya yanke," in ji likitar. "Duk abin da ya tafi ya zube."

"Ki sake turawa."

"Daga farko?"

"Daga farko. Ki tura."

Likitar ta danna. Zanen ya fito, ya tsaya a bakin farko kamar mai shakka, domin na'urar ɗakin hoto ta saba da mari tun safe, a hankali take gwada hanya. Ya matsa kaɗan. Ya ƙara. Da ya ga ba a zubar masa ba sai ya ninka gudu, ya sake ninkawa, ya wuce inda ya tsaya ɗazu, ya wuce rabi. Umma ta zo ta tsaya a bayansu, ba ta san abin da take kallo ba, amma leɓunanta suna motsi. Zanen ya cika.

Daga nan kuma sai jiran mutum. Likitar ta riƙe kan tarho a kunne, idonta a kan agogon bango, ɗaya hannun ta ɗaga wa ma'aikaciyar jinya da ke tsaye da allurar a faranti. Can ta ce, "Na'am, ranka ya daɗe. Babu? Ka duba har ƙasa?" Ta saurara. "To. Yanzun nan." Ta sauke hannun. "Babu jini. A ɗaura masa."

Suka bi ta zuwa gadon. Kafin a soma, likitar ta juyo ta dubi Umma. "Mama, mun samu lokacin, amma a bakin ƙarshensa. Allurar ba alkawari ba ce. Wasu tana tashinsu, wasu ba ta yi musu komai, kaɗan kuma tana sa musu zubar jini. Kin yarda?"

Umma ta dubi 'yarta, ta dubi mijinta. "A yi. Rai na Allah ne."

Ruwan ya soma sauka ta siririn bututu. Ba wanda ya zauna. Ma'aikaciyar jinya tana zuwa tana auna jini, tana haska idon Baba, tana cewa ya ɗaga hannu, hannun yana kwance kamar na wani. An kira azahar a nesa, Injiniya da Auta suka yi salla ɗaya bayan ɗaya a lungun ɗakin, don kada gadon ya zauna babu mutum.

Rana ta karkata lokacin da Umma ta ce a hankali, "Malam? Kai ne ka matse ni?" Tana riƙe da hannunsa na dama, wanda ya mutu tun safe. Suka sunkuya duka. Yatsu biyu suka lanƙwashe a kan nata, da rauni, suka saki.

Baba ya motsa baki. Sautin ya fito a murɗe, ya sake gwadawa. "Ru...wa."

Auta ya yi wuf zai ɗauko gora, ma'aikaciyar jinya ta tare shi. "Kai direba, tsaya. Ba ruwa sai an gwada haɗiyarsa, kada ka shaƙe mana shi bayan wannan wahala." Ta jiƙa auduga ta goga wa Baba a leɓe.

Injiniya ta nemi kujera ba ta gani ba. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar gadon, ta jingina kanta da ƙarfen, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa.